Kafin ka ƙara girman babur, ka fara tambayar birkinsa

A cikin sati guda aka yi min maganar canjin babur sau biyu, kuma tun daga ranar abin yake ta yi min yawo a rai. Bari dai na rubuta ko na huta. Rubutun yana da ɗan tsayi, a yi haƙuri.

Na farko wani ɗan'uwanmu ne da yake aiki a Jamus. Ya turo min hoton fuskar wayarsa ta WhatsApp, wai na taya shi zaɓe. Ya yi shekaru yana hawa matsakaicin babur, yanzu ya tara kuɗi zai bayar da shi ya yi ciko ya karɓi ƙaton BMW. Abin da ya ban mamaki, babur ɗin da zai saya ba a ma ƙera shi ba tukuna. Yana zaune a falonsa yana latsa waya: kala kaza nake so, kujerar a yi min mai ƙasa-ƙasa saboda ba ni da tsayi, wilin a sa min mai waya maimakon na zubi, hannun a sa min mai ɗumi saboda sanyi. Duk abin da ya taɓa sai kuɗin ya ƙaru a gefe yana gani. In ya gama, dila ya tura odarsa masana'antar kamfanin da ke birnin Balin, a haɗa masa nasa, ya jira a kawo.

Na biyu ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin makaranta ne, yana zaune a cikin Kano amma wajen Wudil yake koyarwa, kullum yana kan hanya da ɗan Boxer 100 ɗinsa. Ya same ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, so nake na sayar da mashin ɗin nan na ƙara kuɗi na ɗauki babba, ko 150 ko 200." Na ce madalla, wane irin birki gare shi? Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Birki kuma, Yaya? Ai kowane mashin da birkinsa yake zuwa." Na ce to me ka tambayi dila da ka je? Ya ce kuɗi, da kalar da take ƙasa.

Ba dariya nake yi masa ba, don wallahi ni ma da haka na sayi nawa na farko. Haka muka taso muka ga ana yi. Amma ra'ayina shi ne, duk wanda zai tashi daga ƙaramin babur zuwa babba, abin da ya kamata ya fara zaɓa shi ne abin da zai tsayar da shi. Ƙarfin inji, kala da ado su biyo baya. Dalili kuwa, akwai abubuwan da idan ba daga masana'anta suka zo a jikin babur ba, to har abada ba za ka same su yadda ya kamata ba, ko nawa ka kashe a wajen bakanike.

Bari na ɗan yi bayanin yadda abin yake a can, don a gane inda na dosa.

Kayan da ake ƙara wa babur kashi biyu ne. Akwai na sawa daga baya: akwatin kaya, gilashin tare iska, ƙarfen kare inji idan an faɗi, mariƙin waya. Waɗannan ko bayan shekara biyar ka samu kuɗi za ka iya ɗaurawa. Akwai kuma waɗanda tun ana haɗa babur ɗin ake sa su, domin sun shafi ƙashin bayansa: tsarin birki, shokabzoba, wili, wayarin, da 'yar kwamfutar da take kula da inji. Misali, idan ka ce BMW su yi maka mai gajeren tsayi, ba soson kujera kawai za su rage ba. Shokabzoba ɗin ma gajere za su sa, har ƙafar da ake jingine babur ɗin a kai sai sun sa wadda ta dace da sabon tsayin. Mu a nan idan mutum ya ga ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai ya je a yanke masa soso, ko a taɓa masa shoka, ya dawo da babur ɗin da ba ya zama daidai a kwana.

Kuma kar wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce. Kamfanin Royal Enfield na Indiya, wanda masana'antunsa suke yankin Chennai, tun 2020 ya fito da tsarin da mutum zai shiga manhaja ya zaɓi kala da kujera da sauran kaya, a haɗa masa nasa. Indiya fa, ƙasar da take da talakawa masu hawa babur fiye da yadda muke tunani.

Akwai kuma wani abu da ɗan'uwan namu na Jamus ya tuna min. Ba haka kawai ya wayi gari ya hau ƙaton babur don yana da kuɗi ba. A ƙasashen Tarayyar Turai lasisin babur hawa-hawa ne. Akwai A1, wanda ba ya wuce 125cc. Akwai A2, wanda aka iyakance ƙarfinsa a kilowat 35, wato wajen ƙarfin doki 47. Sai cikakken A, wanda ko dai ka yi shekara biyu a kan A2 kafin ka samu, ko kuma ka kai shekara 24. A Japan ma duk babur ɗin da ya haura 400cc lasisinsa daban ne. Mu a Najeriya lasisin babur aji ɗaya ne, ajin A, daga roba-roba har fawa-baik. Wannan ma ga wanda ya damu ya yi lasisin ke nan. Tunda hukuma ba ta yi mana matakala ba, dole kowa ya yi wa kansa.

Yanzu mu dawo gida. Yaya muke sayen babur? Ka je wajen dila, ya nuna maka abin da yake ƙasa: ja, baƙi, ko bulu. A ciro a kwali, yaran shago su ɗaure, a zuba mai kaɗan, ka tura gidan mai. Zaɓinka ya ƙare a nan. Washegari kuma sai a wuce wajen masu ado. A yanka waya a jona fitilu masu walƙiya, a sa hon irin na tirela, a huda salansa don ta yi ƙara, a naɗe tanki da leda, a cire madubi wai yana ɓata kwalliya. Haka abin yake daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Wani zai kashe dubbai a kan wannan, amma ka ce ya sayi hular kwano ta kirki sai ya ce babu kuɗi. Kuma wayar nan da aka yayyanka ita ce za ta fara kashe batir, in mashin ɗin yana da garanti ma ka rushe shi da hannunka.

Ni ban ga laifin mai son babban babur ba. Ƙanina yana da hujja. Wanda yake tafiyar kusan kilomita 40 zuwa, 40 dawowa, a titin da manyan motoci suke wucewa, ya san wahalar ƙaramin inji: ka murɗa har ƙarshe yana kuka, tirela ta taho bayanka tana hon, ba ka da ƙarfin da za ka kauce da sauri. Manomin da yake ɗora buhu biyu, ko magidancin da yake kai yara makaranta a hanyar da ba kwalta, duk suna da dalili. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000 a 2024, mutane da yawa sun jingine mota sun koma babur. Wanda ya saba da mota kuwa ba ƙarami zai so ba. Don haka maganar ƙara girma ba ta 'yan gayu ba ce kawai, ta shafi masu neman abinci.

Sai dai girma yana zuwa da bashinsa, kuma bashin nan a kan titi ake biya.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan kana gudun kilomita 50 a awa, duk daƙiƙa ɗaya kana cinye kusan mita 14. Idan kana gudun 100, mita 28 ne. Wato kafin ma ƙwaƙwalwarka ta gaya wa hannunka akuya ta shigo titi, ka riga ka yi wannan tafiyar. Bayan ka kama birki kuma, nisan da za ka yi kafin ka tsaya ba ninki biyu yake zama ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake zama. Wannan ba ra'ayina ba ne, haka Allah ya tsara nauyi da gudu. Ƙaramin babur yana kare mu daga wannan lissafin ba tare da mun sani ba, saboda ko ka so ba zai yi gudun da zai kai ka can ba. Ranar da ka hau babba, wannan katangar ta faɗi.

Sannan ga nauyi. Irin su Boxer ba su wuce kilo ɗari da 'yan kai ba, ko ya karkata ka tare da ƙafa ɗaya. Royal Enfield Classic 350 ya kusa kilo 200. BMW R 1250 GS, irin wanda ake yawon duniya da shi, kilo 249 ne da mai a ciki, ƙarfinsa doki 136, alhali Boxer 150 wajen doki 12 ne. Idan irin wannan ya fara karkata a cikin yashi kuma ƙafarka ba ta kai ƙasa sosai ba, sai dai ka sake shi, in ka yi sa'a bai danne maka ƙafa ba.

Wani abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu tsoron birkin gaba muke yi. Tun muna koyo ake ce mana kar ka taɓa na hannu, zai wuntsila da kai. Wasu har sassauta shi suke yi, wasu wayar ta tsinke shekara guda ba su gyara ba. Alhali idan ka kama birki nauyin babur gaba yake komawa, kuma tayar gaba ita take yin mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin ɗari. Tsoron namu yana da tushe: idan ka damƙe na gaba da ƙarfi cikin firgici, tayar ta kulle, faɗuwa ce kai tsaye. To maganin wannan tsoron shi ne abin da ake kira ABS. Na'ura ce da take lura da juyawar taya, da ta ga za ta kulle sai ta riƙa saki tana kamawa da saurin da hannun mutum ba zai iya ba. Kai dai ka damƙe, ita za ta hana tayar ja a ƙasa. BMW ne suka fara sa ta a babur tun 1988. Kuma tana cikin abubuwan da ba a ɗaurawa a bakin titi, don sai da na'urar auna juyawa a jikin wili, da famfo, da kwamfuta, duk an daidaita su da babur ɗin tun daga masana'anta.

Ga inda abin yake da ciwo. Tarayyar Turai ta wajabta ABS a kan sababbin baburan da suka haura 125cc tun daga 2016. Indiya ta bi sahu: daga Afrilun 2019 duk sabon babur da ya haura 125cc dole ya zo da ABS, na ƙasa da haka kuma a ƙalla ya zo da CBS, wato tsarin da idan ka taka birkin baya zai kama maka na gaba kaɗan. Indiyar nan ita ce take ƙera Bajaj da TVS da suka cika titunanmu, kuma Najeriya tana cikin manyan kasuwanninsu na waje. Yanzu ka zaga kasuwar babura ka ƙirga min 150 nawa za ka gani da ABS. Yawanci tsohon birki ne mai aiki da waya, gaba da baya. Ba wai ba su iya ba ne. Ɗan kasuwa abin da doka ta tilasta masa da abin da mai saye ya nema yake kawowa. Dokarmu ba ta nema ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wanda bai ce a ba shi ba, ai ba zai ce an hana shi ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Na ɗaya, kuɗi. Babur ɗin da a da ake saye dubu ɗari biyu da wani abu yanzu ya haura miliyan, tun da naira ta faɗi. Ka ƙara masa na'ura, ka ƙara wa talaka nauyi. Na biyu, gyara. Bakaniken unguwa ya san kafireto da fulogi kamar yunwar cikinsa, amma ka kawo masa mai injekta da kwamfuta sai ya fara lalube. Na uku, hanyoyinmu. A kan yashi da tsakuwa ABS tana iya tsawaita tsayawa, shi ya sa manyan baburan shiga daji suke zuwa da hanyar kashe ta ko rage aikinta.

Duk na yarda. Amma CBS ba ta da kwamfuta, ba ta buƙatar wuta, 'yan ƙarafa ne da waya, duk bakanike zai gane ta a yini ɗaya. Birkin faifai na gaba, wato disk mai aiki da mai, shi ma ba baƙo ba ne a garejinmu. Maganar gyara kuma, da aka fara kawo motoci masu injekta haka aka yi ta cewa ba za su yi a nan ba, yau ga yara nan da na'urar duba mota a hannu suna cin abinci da ita. Batun tsada kuwa, duk wanda ya taɓa jinyar karaya, ko a asibitin ƙashi na Dala ko a wajen mai ɗori, ya san bambancin kuɗin birki da kuɗin ƙafa. Wata uku a kwance ba aiki, ga iyali. Wanne ya fi tsada?

Masu sayen fawa-baik na hannu, ku ma ga taku. Ku sani odar wani kuke saye. Wani Bature ne ko Ba'amurke ya zauna ya zaɓi abin da ya dace da tsayinsa da yanayin garinsu, ya hau ya gaji, aka loda a kwantena. Za ka biya kuɗin hannu mai ɗumi a garin da zafi yake kai digiri 40 a watan Afrilu. Babura biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, za ka tarar wannan yana da ABS wancan babu, don a wasu ƙasashen zaɓi ce. Kar ka yarda da rubutun jikin roba. Kunna makulli, fitilar ABS ta kama, sannan ta mutu bayan ka ɗan fara tafiya. Idan ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Ka duba shekarar taya, tana rubuce a gefenta da lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta raɗau amma ta tsufa ta bushe. Sannan kafin ka biya, ka je Ƙofar Ruwa ko inda ake sayar da kayan gyara a garinku ka tambaya ko akwai takalmin birkinsa da sarƙarsa da matatar mansa. Babur ɗin da sai an yi maka odar fulogi daga waje, kayan ado ne na zaure.

Abin da na gaya wa ƙanina, shi zan gaya wa kowa. Ka fara da tambayar aikin da babur ɗin zai yi maka, ba wanda abokinka ya saya ba. Ka hau mataki ɗaya, daga 100 zuwa 150 ko 200, ba daga 100 zuwa 600 ba. Cikin waɗanda kuɗinka ya kai, ɗauki wanda ya fi birki, ko da kalar ba ta yi maka ba. Ka zauna a kai ka ga ƙafafunka biyu suna taka ƙasa. In da hali ka nemi mai tayar da ba ta da tub, don idan ƙusa ta shiga a hankali take sacewa, ba lokaci guda ba. Ka cire kuɗin hular kwano daga cikin kuɗin babur tun kafin ka je kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hula ta ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Mun tuna yadda aka yi a Janairun 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta hula, mutane suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har duniya ta yi mana dariya. Wayo muka ɗauka mun yi wa hukuma, alhali kanmu muka cuta. In ka sayi babur ɗin kuma, ka samu fili mara mutane ka koyi kama birkin gaba a hankali, kafin ranar da za ka buƙace shi da gaggawa.

Sannan ka tambayi dila. Ko ka san babu, ka tambaya: akwai mai disk? Akwai mai CBS? Za a iya yi min oda? Idan mutum ɗaya ya tambaya, dariya za a yi masa. Idan mutum ɗari suka tambaya a wata guda, dila zai ɗaga waya ya kira Legas, na Legas ya kira masana'anta. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na ma'aikata da suke sayen babura da yawa a rarraba wa mambobi a biya a hankali, su ne ma suka fi kowa ƙarfin wannan magana. Haka gwamnatoci da 'yan siyasa masu rabon babura ɗari-ɗari da sunan tallafi. Wanda zai sayi ɗari biyar a lokaci ɗaya yana da bakin cewa ga irin birkin da yake so, kuma za a yi masa. Ita kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ba sai ta ƙirƙiro sabon abu ba. Ta duba abin da ƙasar da take sayar mana ta wajabta wa 'ya'yanta, ta ce mu ma a kawo mana irinsa.

Ƙanin nawa dai ya koma kasuwa. Ya samu mai birkin disk a gaba, kuɗinsa ya ɗan ɗara wanda ya fara gani, kuma baƙi ne, shi kuwa ja yake so. Ya kira ni yana mita, na ce masa fenti ko gobe ana yi. Ya haƙura da fitilun walƙiya ya sayi hula. ABS dai bai samu ba, a kuɗinsa babu. Shi kuma na Jamus yana can yana jiran nasa ya fito daga masana'anta.

Masu babura da kanikawa da dilolin da ke nan, ku gaya mana abin da kuke gani a wajenku. In na yi kuskure a gyara min.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.